Baba Ashemi Mai Janwe Ya Ajiye Sarƙa

Da an idar da sallar asuba, Baba Ashemi ba ya komawa gida. Yakan zarce inda yake kwanar da motarsa ta janwe, mai jan motocin da suka lalace, wata tsohuwa da fentinta ya koɗe har ba a gane asalin launinta. Ya buɗe gaba ya duba ruwa da baƙin mai, ya shiga ya taka birki, ya sauko ya zagaya tayoyi yana bugun su da ƙafa. Sannan ya hau baya ya duba kayan da ba kowane mai janwe ke yawo da su ba: zarton ƙarfe, sandar ɓamɓare ƙofa, jak na ɗaga mota, jarkar ruwa, faffaɗan katako na ɗaukar wanda ya karye, da ƙunshin tsofaffin zannuwa da matarsa Zuwairatu ke wanke masa. Zannuwan na rufe waɗanda suka riga suka cika ne, tun kafin jama'a su taru a kansu.

Daga nan sai gindin wani mangwaro a bakin hanyar Makurdi. Ya sayi kokonsa da ƙosai, ya zauna a benci, waya a kan cinya. Haka ya yi sama da shekara talatin, tun ana aiko masa da ɗan acaba a guje har aka zo zamanin kira.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na daɗe a ɗakin da ake karɓar 'yan haɗari a nan Lafia, kuma a bakin ƙofar ɗakin nan na san shi. Idan ka ji ƙugin tsohuwar motar nan da hon ba ƙaƙƙautawa, to ka tura gado, Baba Ashemi ya kawo mutum. Sana'arsa jan ƙarfe ce, a kanta ake biyan sa. Ciro mutane daga cikin ƙarfen kuwa ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ba shi ko sisi a kai. Shi ya ɗora wa kansa.

Duk mai sayen lemo a bakin kasuwa ya san Nguavese, 'yar Tibi mai sanda a hammata. Ita ta ba ni labarin nata da bakinta. Wata ranar kasuwa da damina, suna dawowa ita da mijinta daga wajen Obi a wata bas da aka cusa wa mutane da doya har saman rufi, tayar baya ta fashe. Motar ta yi adungure ta kife a rami. Kujera ta danne wa Nguavese ƙafa. Mutanen gari suka zo da kyakkyawar niyya, suka kama hannayenta za su finciko ta, tana ihu. Ana cikin haka Baba Ashemi ya iso.

"Kada wanda ya sake jan ta!" ya daka musu tsawa. "Ƙarfe ake ja, ba mutum ba. Ku matsa."

Ya kwanta rub da ciki a cikin taɓo da fasasshen gilashi, ya kutsa inda take, ya fara yanka ƙafar kujerar da zarto. Mijinta Aondohemba shi ne ke zaune kusa da taga, kuma tun isowar Baba Ashemi ya gan shi a gefen rami, ya rufe shi da zane.

"Baba, mijina fa? Ya fita?"

"Yana waje. Ke dube ni. 'Ya'yanki nawa? Faɗa min sunayensu."

Ta faɗa. Ya ce ta sake faɗa. Haka ya riƙe ta da magana, duk sanda idonta zai rufe ya jefo wata tambaya, har ƙarfen ya yanke. Ƙafar ba ta tsira ba, a ɗakinmu aka cire ta. Bayan kwanaki, da 'yan'uwanta suka kasa gaya mata mijinta ya rasu, shi suka je suka roƙa. Ya zo ya tsuguna a gefen gadonta, ina tsaye, ya gaya mata. Ta dube shi ta ce, "Ka yi min wayo, Baba."

"Na yi," ya ce. "Da na faɗa miki a cikin ramin nan, da kin saki jiki kin bi shi. Yaran fa?"

Har yau idan an ambace shi takan ce, "Ƙafana ya tafi, mijina ya tafi, amma wannan mutum bai bari ni ma na tafi ba."

Kada a ɗauka kowa ke son sa. Baba Ashemi yana da wata ɗabi'a da ta sa direbobi da yawa ke ɗauke kai idan sun hango shi. Yakan shiga tasha ya riƙa leƙa tayoyin motocin da ke lodi. Idan ya ga wadda ta suɗe har zare ya fito, ba ya raɗa, a gaban fasinjoji zai faɗa. Idan ya ga an cusa mutum biyu a kujerar gaba, sai ya tsaya ya yi ta magana. Wani direba, Baballe, ya taɓa fusata ya ce masa a bainar jama'a, "Baba, kai fa da haɗari kake cin abinci. In mun daina faɗuwa me za ka ja?"

Waɗanda ke wurin sun ce Baba Ashemi ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Baballe, Allah Ya kawo ranar da zan kwana da yunwa saboda haka." Ya juya ya fita. Baballe bai canza tayar ba. Ya je Akwanga ya dawo lafiya, ya sake zuwa ya dawo, yana ba da labari yana dariya. Baba Ashemi ya ce min abin da ke kashe mu ke nan. Mai ganganci yakan tsira sau da yawa, har ya ɗauka gwaninta ce, ranar da ba zai tsira ba kuma ba shi kaɗai zai tafi ba.

Akwai ranar da ba na son tunawa, amma jinjinar nan ba za ta cika ba sai da ita. Wanda ya gani da idonsa shi ne Ferdinand, wani jami'in kiyaye haɗurra da suka daɗe suna haɗuwa a bakin hanya. Ana gab da babbar sallah ne, da la'asar. Wata ƙaramar motar haya ta taso daga Akwanga, direban ya zo wuce wata mota a kwana, ya yi gaba da gaba da tirela. Aka kira Baba Ashemi kamar kullum. Bai san 'yarsa Hanifa, wadda ke karatu a Akwanga, ta fasa jira sai gobe ta shigo wannan motar ba.

Ferdinand ya ce ya ga Baba Ashemi ya leƙa kujerar baya ya tsaya cak. Ya sa hannu ya taɓa wuyan wata budurwa, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya koma motarsa ya ɗauko zane, ya rufe ta, ya gyara gefen zanen a hankali. Kusa da ita akwai wani saurayi, Salmanu, ɗan Kwandere, rufin motar ya danne masa ƙirji, yana numfashi da ƙyar. Baba Ashemi ya kafa jak, ya ɗauki zarto. Ya yi ta aiki yana ce wa saurayin, "Yi haƙuri, ɗana, saura kaɗan," kafaɗarsa tana gogar gawar 'yarsa. Ba wanda ya san komai. 

Sai da aka ciro Salmanu aka tafi da shi, aka fara kwasar gawawwaki, sannan ya tare gaban masu ɗauka.

"Oga Ferdinand, wannan ba za ta je ɗakin ajiye gawa ba."

"Baba, ka san doka. Sai 'yan'uwanta sun zo."

"Sun zo," ya ce. "Tawa ce."

Ferdinand ya ce cire hularsa ya yi. Shi da kansa ya taya shi sa ta a gaban janwe. Zanen da aka rufe ta da shi na uwarta ne, kuma da shi aka shiga da ita gida.

Ni na karɓi Salmanu a ranar. Ya rayu. Yana noma a Kwandere, ya yi aure, ya haihu. Sai bayan ya warke ya ji ko wace ce ke zaune kusa da shi a motar, da ko wane ne ya ciro shi. Ya zo gidan Baba Ashemi ya durƙusa a zaure yana kuka, tsohon ne ma ya koma yana ba shi haƙuri.

Baba, kai ne ka ga naka ya tafi ka juya ga na wani. Kai ne hannu a cikin gilashi, gwiwa a cikin jini, ba safar hannu, ba albashi, ba wanda ya san sunanka a ofis. Da aka yi sadakar bakwai mun ce shi ke nan, ba za mu sake jin hon ɗinka ba. Ba a yi sati ba muka ji shi. Na tambaye ka a bakin ƙofa, na ce, "Baba, ba za ka huta ba?" Ka ce, "Sista, in na zauna a gida ita nake gani. A hanya kuwa akwai masu rai."

Gidan bai koma yadda yake ba. Zuwairatu ba ta sake shiga motar da za ta fita gari ba, ko bikin danginta. Shi kuma ya rage magana, ya daina shiga tasha yana faɗa. Ya ce ya faɗa har bakinsa ya gaji, kuma motar da ta kashe 'yarsa daga irin tashar nan ta yi lodi.

Abin da ya sa ya ajiye aiki ya faru a watan jiya, a hanyar Doma. Wata mota ta kife a kan wani magidanci. Baba Ashemi ya isa da wuri, amma bayansa ya daɗe da lalacewa, idonsa ma ya yi rauni. Ya sunkuya zai ɗaga sandar ƙarfe, ƙugunsa ya riƙe. Ya ɗaga kai ya ga samari majiya ƙarfi sun yi da'ira, kusan kowa waya a hannu yana ɗaukar hoto. Ya roƙe su su kama masa. Biyu suka zo, sauran suka matso don hoton ya fito da kyau. Kafin a ɗaga motar mutumin ya cika. Kafin a kai gawarsa gida, matarsa ta riga ta gan shi a waya.

Na je gaishe shi a gida. Na same shi a kan tabarma, ya jingina da bango, an sa masa matashi a baya. Ya sayar da janwen ga wani, wanda ya ce shi mota kawai zai riƙa ja, ba ya son shiga maganar 'yansanda da asibiti. Baba bai ga laifinsa ba.

"Da ina da ƙarfin da, da mutumin nan yana raye," ya ce min.

"Baba, kwanansa ne ya ƙare."

"Haka ne, Sista. Amma ni na san nauyin motar nan. Mutum shida sun ishe ta. Mun fi hamsin a wurin."

Na gyara masa matashin da ke bayansa.

Baba Ashemi, mun gode. Na gode a madadin waɗanda ka kawo mana da sauran numfashi, da waɗanda ka suturta kafin idon duniya ya gan su, da iyayen da suka karɓi 'ya'yansu a raye ba su taɓa sanin hannun wa ya ciro su ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sanyaya zuciyarka da ta Zuwairatu, Ya jiƙan Hanifa, Ya sa abin da ka yi ya tarbe ka ranar da ba janwe ba jak.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba na ce kowa ya sayi zarto ba. Direba, tayar da ka san ta mutu ka cire ta, ka bar wuce mota a kwana. Fasinja, in an ce ku zauna biyu a gaba ka sauka, in direba na gudu ka buɗe baki, kunyar minti ɗaya ba ta kai makoki ba. Ka ɗaura bel ko da cikin gari ne. In kuma Allah Ya sa ka tarar da mota a kife a gefen hanya, ka mayar da wayarka aljihu. Kada ka finciki wanda ƙarfe ya danne. Ka kira masu ceto, ka tsuguna kusa da shi, ka tambaye shi sunansa, ka riƙe shi da magana, in an ce a ɗaga ka sa kafaɗa. Kada ka tsaya kana waige kana jiran tsohon nan ya iso. Ba zai zo ba. Kai ne a wurin.