Haladu Mai Bin Tabon Hannu a Bango

Haladu mai walda ne ya kafa ƙarfen dafawa a wurin alwalar masallacinmu na Bracodi. Shi ya kafa na makewayin gidajen haya masu yawa, daga Adjamé har Treichville. Babu sunansa a jikin ko ɗaya. Shi ya sa za a faɗe shi a nan.

Da an idar da sallar asuba yakan sha shayinsa a tsaye, ya buɗe rumfar kwanonsa da ke bayan tashar gbaka, wato ƙananan motocin haya. Ƙofofi da tagogi yake yi, da su yake ciyar da iyalinsa. Yaran mota suna ihun kiran fasinja, shi yana durƙushe a kan ƙarfe, baƙin gilashi a ido, ba ya ɗaga kai. Bayan la'asar sai ya kashe inji, ya rataya jakar kayan aiki, ya ɗauki guntayen bututun da ya tsinto a wajen masu tsofaffin ƙarafa na bakin tashar jiragen ruwa, ya shiga gidajen mutane. Wannan aikin na yamma shi ne abin magana.

Gidajenmu an san su. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, makewayi a ƙarshen lungu. Masu gida sun shimfiɗa karo, wato tayil, don ado, ruwan wanki da na wanke-wanke ba ya bushewa a kai. Yaro ya zame ya tashi yana dariya. Tsoho ya zame, sai a kira mota.

Haladu ba ya fara aiki da awo. Idan an kira shi gidan da akwai tsoho ko mai lalurar ƙafa, gaisuwa yake yi mai tsawo, sannan ya nemi izinin zagayawa. Daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa makewayi, bango yake kallo. Duk inda mutum ya saba dafawa, fenti yana yin duhu a wurin, ya yi sheƙi saboda gumin tafin hannu. A kan wannan tabon yake huda bango ya kafa ƙarfensa, ko da wurin ya karkace, ko da bai yi kyan gani ba. Ya ce ya daina tambayar tsofaffi inda suke jin jiri, domin ba su taɓa gaya masa gaskiya ba.

A Treichville aka kira shi wajen Iya Jannatu, wadda ta daɗe tana dama fura a bakin kasuwa. Ta ce lafiyarta ƙalau, jikoki ne ke son kashe ta da tattali. Haladu ya bi bangonta. Ya ga tabo a tsayin kafaɗa, ya ga wani a kusurwa. A bakin dakalin makewayi kuma ya ga tabon ya sauko ƙasa, daidai gwiwa. Ya gane da rarrafe take hawa wurin idan ba kowa. Surukarta na tsaye a bayansa, sai ya rufa wa Iya asiri. Ya dawo da siminti ya mayar da dakalin gangare, ya kakkarce shi da ƙusa tun yana ɗanye don kada ya yi santsi, ya kafa ƙarfe a gefe. Iya ta tambaye shi na mene ne. Ya ce na rataya zane ne. Har yau zanenta na kai, hannunta kuma na ƙarƙashin zanen.

Amma wanda ya gwada shi sosai, Alhaji Sa'ad ne.

Alhaji tsohon dillalin shanu ne. Rabin mahautan Adjamé a hannunsa suka koyi duba sa a mayankar Port-Bouët. Mutum ne mai tsayi, mai murya, wanda bai taɓa neman a riƙe masa buta ba. A daminar bara yana alwala a tsakar gida, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai wanke, ɗayar ta tafi. Ƙashin hannu ya tsage, ƙugu ya bugu. Da aka sallamo shi daga asibiti, babban ɗansa Abdurrashid, wanda ke aiki a ofishin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, ya sayo masa abin dogarawa mai ƙafa huɗu, irin wanda likita ya ce a nema. Abu ne mai kyau. Alhaji ya dube shi ya ce ya yaye 'ya'yansa tuntuni, a kai wa mai jariri.

Ya shiga ɗaki ya kwanta. Hannu ya warke, bai fito ba. Ya fi son kwanciya da a gan shi a titi yana tura keken koyon tafiya. Gurbinsa a sahun gaba wani ya tsaya a ciki. Kowa kuma ya san abin da ke biyo baya: ƙafar tsoho idan ta saba da katifa, ba ta komawa ƙasa.

Liman ya je, abokai sun je, duk ya sallame su da godiya. Sai Haladu ya je. Iyayen Haladu mutanen Damagaram ne, Alhaji Bakano ne, akwai wasa a tsakani, don haka yana iya faɗa masa abin da wani ba ya iyawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ashe Bakano na kwanciya kasuwa tana ci? Ko jarin ne ya karye?"

Alhaji ya ce, "Wa ya bar bawan nan ya shigo mini da ƙurar ƙarfe?"

Suka yi ta yi. Haladu na zagi, idonsa na yawo a ɗakin. A bayan ƙofa ya hango sandar gora, doguwa, ta yi baƙi don riƙo. Da ita Alhaji ya yi rayuwarsa a cikin shanu. Da ita yake nuna san da yake so, da ita yake taɓa tozo, da ita yake raba faɗan yaran mahauta. Bai taɓa dogara ta ba, amma bai taɓa jin kunyar riƙe ta ba. Haladu ya ce beraye sun dame shi a rumfa, a ara masa. Bai jira amsa ba ya fice da ita.

Da ya dawo da ita, ta yi takalmi. Ya yi mata hular ƙarfe a gindi mai gajerun yatsu uku, kowanne ya naɗe shi da robar tayar mota. A sama ya ɗaure mata mariƙi na fata, daidai inda hannun Alhaji ya cinye gorar. Alhaji ya yi faɗa, ya ce an lalata masa sandar da ta girmi Abdurrashid. Haladu ya ce duk san da ta taɓa nunawa yana da kofato, ita ce kaɗai ke yawo ba komai. Ya jingine ta kusa da gado, ya fita tsakar gida. Ya kafa ƙarfe a bango bisa tabo, ya yi ɗan benci a wurin alwala don a wanke ƙafa a zaune. Abin da Abdurrashid ya sayo kuwa bai bari an jefar ba. Ya ce wa Alhaji a cikin ɗaki babu mai ganinsa sai matarsa, ita kuma ta riga ta san komai. Da shi Alhaji ya fara koyon tsayuwa.

Wata Juma'a muna zaune, aka ji ana ƙwanƙwasa ƙasa daga bakin ƙofa. Alhaji Sa'ad ne, da babbar riga, da sandarsa. Ya ratsa sahu a hankali. Ya isa gaba, ya taɓa kafaɗar wanda ke gurbinsa da kan sandar kamar yadda yake taɓa maraƙi, mutumin ya matsa. Babu wanda ya yi masa sannu da jiki. Mun san ba ya so.

Haladu, kai ne ka yi wannan. Kai ne ka gane cewa tsoho ya fi tsoron idon mutane a kan karaya, ka yi aikinka ta yadda ba a kunyata kowa ba. Ƙarfe na hannunka, amma ba ka taɓa tanƙwara mutum ba. Idonka ya fara gajiya da wutar walda, muna gani kana matso da ƙarfe kusa da fuska. Mun gode. Allah Ya ba ka mai riƙe ka ranar da za ka nemi bango. Masu gidajen haya kuma, ku daina jiran a faɗi. Matasa masu sana'a, ku shiga ɗakunan iyayenku ku dubi bango.

Saura abu ɗaya, na kwanan nan.

Da ruwan bana ya sauka, Alhaji ya fito zai tafi azahar. A bakin ƙofar gida gansakuka ta kama siminti. Ƙafa ta zame. Hannunsa na kan ƙarfe, sai ya sauka a zaune, ya kurje gwiwa kawai. Ya tashi da kansa ya tafi masallaci. Amma an riga an kira Abdurrashid a waya, an ce masa Baba ya sake faɗuwa. Ya baro aiki ya ratso gada cikin cunkoso, bai san abin da zai tarar ba.

Washegari ya zo rumfar Haladu, idonsa ja. Ya gaishe shi da ladabi, rabi Hausa rabi Faransanci kamar yadda 'ya'yanmu ke yi. Ya ce yana son a yi wa ƙofar ɗakin mahaifinsa sakata ta waje. Ba kullum ba. Ranar ruwa kawai, idan zai fita aiki ya rufe, matarsa ta buɗe lokacin abinci.

Haladu ya kashe inji, ya ba shi benci. Bai yi masa wasa ba, domin ya ga tsoro ne ke magana. Ya ce yau ɗin nan zai je ya kankare gansakukar, ya sassare simintin. Zai ja ƙarfe daga ƙofar gida har kwanar masallaci, maƙwabta ba za su hana bangonsu ba. Zai sauya robar sandar tunda ta fara cinyewa. Ranar ruwa mai ƙarfi kuma shi da kansa zai bi ta gidan su tafi tare, ya ce wa Bakano rakiyar bawa ce.

Abdurrashid ya saurara har ƙarshe. Ya ce duk a yi, ya gode, amma a haɗa da sakatar.

"Tonton, kawuna, idan ya faɗi a titi ya mutu, ni za a tambaya."

Haladu ya ce ya sani. Ya ce kuma idan aka rufe mutumin nan sau ɗaya, ya ji ƙarar ƙarfe daga waje, ko an buɗe ba zai sake fitowa ba.

Abdurrashid ya ce masu walda sun cika Adjamé.

Haladu ya mayar da baƙin gilashinsa, ya ɗauki sandar walda.

"Je ka wajensu, ɗana. Ni ba zan yi ba."