Jan hasken da ke ƙarƙashin kujerar motata

Da safen nan ina loda buhunan taki a but ɗin mota aka kira ni, wai Malam Sada mai wayarin ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce wane Sadan? Aka ce na bakin tashar Ƙanƙara.

Na tambaya me ya same shi, aka ce jininshi ne ya hau, ya faɗi a gona. To. Haka aka ce. Ni dai ban ga wanda ya auna shi ba, kuma mutumin da aka hana wa sakat tun bara, ba sai an gaya mani abin da ya hau da jinin ba.

Waɗanda suka san ni sun san gajere ne ni, sun kuma san ba na yarda da mutum da wuri. Abin nan biyu su suka haɗa ni da Malam Sada.

Tsohuwar motata 'yar Kwatano ce, kujerar direba ta lantarki ce, maɓalli ake dannawa ta matsa gaba ko baya. Wata rana a Faskari yayana ya ari motar, shi kuma dogo ne. Ya tura kujerar can ƙarshe, ta mutu a nan. Haka na dawo gida da filo biyu a bayana, ina taka birki da yatsun ƙafa. Wani ya ce in sayi wata kujerar, wani ya ce a yi mata walda a huta.

Da na je wurin Malam Sada, ya dube ni, ya dubi filon, ya ce, "Malam Bishir, kujerar za mu gyara ko ƙafar za mu ƙara?"

Ban yi dariya ba. Tsayawa na yi a kanshi, don na sha jin yadda ake cire wa mutum kaya masu kyau a sa mashi matattu.

Ya kwance kujerar, ya kifa ta bisa tabarma, ya jona ɗan injin da ke ƙasanta kai tsaye da batir. Ya motsa. Ya ce inji lafiya lau. Ya zaƙulo ƙwallon dabino da tsabar masara daga cikin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, ya shafa giris. Abin da ya ƙone shi ne ɗan akwatin da ke kai saƙo daga maɓalli zuwa inji, kuma irinshi ko a Kano sai an dace.

Sai ya haɗa nashi. Rile biyu, 'yan makunnan da ke kai wuta ga inji, da fiyus, ya sa su cikin robar man shafawa, ya naɗe da baƙin salatif saboda ruwa, ya ɗaure a ƙarƙashin kujera. Ya bar ɗan jan ƙwai a waje mai haske kamar na cajar waya.

"In jan nan na ci, fiyus na da rai," in ji shi. "In ya mutu, canza fiyus kawai, kada ka ƙona mai ka zo wurina."

Haka yake yi wa kowa. Hannunshi ke nan.

Akwai ranar da motata ta tsaya bayan Sheme, la'asar ta yi sanyi, wurin da ba mai son ya tsaya ko fitsari. Kira ɗaya na yi mashi. Ya zo bisa mashin, da rake guda a ɗaure a baya wai in rage tsoro.

Bara aka tare wani Alhaji mai hatsi ɗan Sabuwa kusa da 'Yargoje, aka shiga daji da shi, aka bar motar. Waɗanda suka je ɗauko ta suka leƙa ƙarƙashin kujera, suka ga baƙin abu da wayoyi, jan haske na ci. Wani ya ce tiraka ce, da ita mutanen daji suka bi sawun Alhaji. Wa ya taɓa kujerar? Sada.

Kafin yamma sunanshi ya koma infoma.

Ni tambayata har gobe: wa ya fara faɗar kalmar nan? Me ya sa aka farfasa robar aka jefar, ba a kai ta ga wani mai wayarin ya duba ba? Su wa suka san Alhaji zai kama hanya ranar, kuma don me ba wanda ya tambaye su? Wa ke zaune yanzu a rumfar Malam Sada ta bakin tasha? Ban kama sunan kowa ba. Tambaya nake.

An kira shi, an yi mashi tambayoyi, an sallame shi. Amma a garinmu sallama ba ta wanke mutum. Motoci suka daina zuwa, ya koma noma.

Ganina da shi na ƙarshe farkon daminar nan ne, a ƙofar gidanshi. Na je da reza, na ce Malam, buɗe mani tawa robar. Ni haka nake, sai na gani. Bai ɓata rai ba. Ya durƙusa ya yanke salatif ɗin, ya zazzage mani bisa tafin hannu. Rile biyu, fiyus, jan ƙwai. Ba layin waya, ba komai.

Yana mayarwa ya ce, "Kai ne na farko da ya ce in buɗe. Sauran mutane hanya suke sakewa."

Can ya ƙara da cewa, "Ba rumfar ke damuna ba. A masallaci in na tsaya, sai in ji gefena ya buɗe."

Wallahi maganar nan ta tsaya mani a rai.

Ɗazu muka kai shi. Jama'ar ba ta kai ta mutumin da ya yi rayuwarshi yana yi wa gari aiki ba. Wasu da na san motocinsu sun kwana a rumfarshi suna tsaye can nesa, hannu a aljihu.

Da muka dawo, maiɗakinshi ta aiko a kira ni soro. Daga bayan ƙyaure ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa don kada ɗiyanta su ji. Ta ce, "Malam Bishir, tsakaninka da Allah, abin nan da yake sa wa mutane a mota, mene ne?"

Matar da ta haifa mashi 'ya'ya ke nan. Har cikin ɗakinshi maganar ta shiga, ya kwana da ita, ya tashi da ita.

Na rantse mata da abin da idona ya gani. Na ji ta fashe da kuka, ta ce ba ta taɓa iya tambayarshi ba.

Motata na ƙofar gidan, za ta zauna nan har a tashi zaman makoki, ƙofar direba a buɗe, reza na bisa kujera. Duk mai shakka ya zo ya yanke ya gani da idonshi, ya zo da mai wayarin ɗin da ya yarda da shi. In bai zo ba, ya kama bakinshi, yaran nan za su girma a garin nan da sunan ubansu.

Allah ya jiƙan Malam Sada, ya yalwata kabarinshi, ya sa abin da aka ɗora mashi ya zama kaffara. Allah ya tona gaskiyar abin da ya faru a hanyar nan, ko wa ta faɗa kanshi. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mashi addu'a, ya ambaci sunanshi da ƙarfi, yadda na gefenshi zai ji.