Mama Iveren ta Rumfar Tashar Jirgi

Kafin ladanin masallacin tasha ya gyara murya, Mama Iveren ta riga ta baro gidanta na Akurba da daron doya a ka, tana tafe tana gaisawa da duk wanda ta ci karo da shi, ta san shi ko ba ta san shi ba. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Hembadoon, 'yar Tibi ce, amma tun da ta haifi 'yarta ta fari, Iveren, sunan yarinyar ya hau kanta ya zauna daram. Da ta isa rumfarta a gindin mangwaron bayan tashar jirgin ƙasa ta garin Lafiya sai ta hura wuta, ta fere doya, ta ɗora tukunyar miyar agushi. Idan ka ji taɓarya ta fara sauka a turmi, to gari ya waye, ko da agogonka bai yarda ba.

Masu sayar da sakwara a garin nan ba su ƙirguwa, kuma ba don sakwara ake yi mata wannan jinjina ba, ko da yake duk wanda ya ci tata ya san ya ci. A rumfarta akwai baho biyu. Ɗaya na wanke kwanuka ne. Ɗayan kuwa ko cokali ba a yarda a jefa a ciki ba, domin na wankan 'ya'yan fasinja ne.

Jirgin wancan zamani ba ya alkawari da kowa. Wani lokaci ya tsaya ya sha ruwa ya wuce, wani lokaci ya yini cur yana jiran ɗan'uwansa ya ba shi hanya, ko yana jiran a kawo masa wani inji. Manya su yi ta tsaki suna duban agogo. Ita kuwa Mama Iveren sai ta bar turmi ta bi taragu tana leƙa tagogi, ba ciniki take nema ba, yara take nema. In ta hango wanda zafi ya dafa a cinyar uwarsa sai ta ce, "Sauko da shi ya sha iska, jirgi ba zai gudu ba." Ta yi wa yaro wanka, ta ba shi abinci, ta karɓi kayan iyayen ta tura ƙarƙashin benci, sannan ta kora su cikin gari da doka guda: kada a ja yaro, a bar shi ya ja babba. Inda ya tsaya a tsaya, inda ya gaji a nemi inuwa.

Da ta ce jirgi ba zai gudu ba, ba cika baki take yi ba. Direbobin layin duk a hannunta suke cin abinci, kuma kular abincin direba ba ta barin rumfar sai mutanen da ta tura gari sun dawo. Kowa a tasha ya san wannan, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba.

A cikin ayyukanta da mutane suka shaida, akwai guda da har yau tsofaffin ma'aikatan tasha ke ba da labari. A damina ta shekarar 1998, lokacin jihar nan tamu tana sabuwa fil, jirgin Fatakwal mai zuwa Arewa ya iso da hantsi, aka ce sai yamma zai tashi. A wani tarago ta ga yarinya 'yar kimanin shekara uku zaune a kan buhu ita kaɗai, gashi a hargitse, leɓe a bushe. Can gefe wani matashi na zaune yana kallon ƙasa, yana satar kallon yarinyar. Sunansa Mahir, ɗan Gwambe ne mai sayar da albasa a Fatakwal. Matarsa ta rasu a can, an yi sadakar arba'in, yanzu zai kai yarinyar wurin kakarta ta wajen uwa ya juyo shi kaɗai. Wata mata ce ta riƙe masa ita tun daga Fatakwal, ita kuma ta sauka a Makurɗi.

"Malam, wannan yarinya naka ne?" in ji Mama Iveren, da irin Hausarta da ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Ta gidanmu ce," ya amsa.

"Ni ban tambaya gida ba. Wa ya haife shi?"

Mahir ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ɗan garinsu da ke zaune kusa ne ya fitar da shi, ya ce, "'Yarsa ce ta fari, Mama. Mu a wajenmu ana kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane."

Mama Iveren ta riƙe haɓa. Ita da ake kiranta da sunan 'yar farinta daga safe har yamma, abin ya ɗaure mata kai. Amma ba ta yi gardama da dattijo ba. Ta dai miƙa hannu ta taga ta ce wa yarinyar, "Kai, menene sunanka?"

"Muhibbat," in ji yarinyar, da wata 'yar murya.

Ta ɗauke ta, ta yi mata wanka a baho, ta shafe ta da man ja kaɗan a ƙafa inda ta yi kaushi, ta kama mata gashi gida biyu, ta yi ta ba ta loma har ta kawar da kai. Uban yana tsaye daga nesa kamar wanda ya zo rakiya. Da ta gama sai ta yafuto shi.

"Ɗana, ɗauke shi ku shiga gari."

"Mama, gobe ma zan ba da ita ga kakarta, ki bar ta a wajenki. Ni zan tsare kaya."

"Kaya ni zan tsare. Gobe za ka ba da shi, ko ba haka ba? To yau ne kawai naka. A Lafiya wa ya san ka? Babanka yana nan? Mamanka yana nan? Kunyan wa za ka ji, kunyan mangwaro?"

Abin da ke cin Mahir a rai ke nan tun daga Fatakwal, bai dai samu wanda zai faɗa masa ba. Gobe zai miƙa ta, kuma yarinyar ba ta san shi ba sai a matsayin mutumin da ke shigowa da cefane ya fita. In ta girma aka ce mata ga ubanki, ba ta da abin tunawa ko ɗaya.

Suka fita. Da farko shi ne a gaba, ita tana binsa a guje-guje, sai ya tuna dokar mai sakwara ya rage sauri, har ya koma baya. Nan ya gane cewa yaro ba ya zuwa ko'ina, ko'ina ya tsaya nan ne wurin zuwansa. Ta tsaya a bakin wani kududdufi tana kallon agwagi, ya tsaya. Ta tsaya tana kallon magina suna cilla wa juna bulo a wani sabon gini, ya tsaya. A kasuwa ta ga tulin doya da ya fi ta tsawo, ta kewaya shi tana shafawa. Wata mai gishirin Awe ta lakata mata kaɗan a harshe, yarinyar ta yamutse fuska ta tofar, Mahir ya fashe da dariya. Ya ji dariyar baƙuwa a bakinsa, don rabonsa da ita tun kafin matarsa ta kwanta.

Da suka zo tsallaka babban titi, manyan motocin doya suna ta gurnani, sai ya ji wani ɗan hannu ya kama masa yatsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar ɓarawo. Babu wanda ya kalle shi. Da suka tsallaka bai zare yatsan ba.

Ya saya mata lemo aka fere, ya zauna a kan dakali yana matsa mata tana tsotsa, ruwan na bin haɓarta. Azahar ta yi, ya shiga wani ƙaramin masallaci, yana sallama ya gan ta a bayansa ta kafa goshi a tabarma, ɗuwawu a sama. Da mutane suka watse suka zauna a baranda, ta hau cinyarsa ba tare da ta nemi izini ba, barci ya kwashe ta. Ƙafarsa ta yi tsami, ya ƙi motsawa. Ya zauna yana kallon fuskarta, karo na farko da ya kalle ta sosai tun ranar suna. Ya yi kuka a wurin, a hankali, don kada ya tashe ta.

A tasha kuwa injin da ake jira ya iso tun kafin la'asar. Direba Baballe, wani dogon Bazazzagi mai son wasa, ya zo rumfa yana goge hannu da tsumma.

"Madam, kulata."

"Miya bai nuna ba."

Baballe ya leƙa tukunya, ya ga miya har mai ya taso. Ya dubi ƙarƙashin benci, ya ga buhu da jakar leda. Ya ce, "Mutum nawa suka rage miki?"

"Biyu. Ɗaya babba, ɗaya ƙarami. Babban ne ya fi buƙata."

"Madam, za ki sa a ci mutuncina a Kafanchan."

"Je ka busa musu, su ji. Abeg, busa mai tsawo."

Ya je ya busa usur ɗin jirgi. Ita kuma ta tura Orshi ɗan acaba, maƙwabcinta, ya bi hanyar kasuwa. Orshi ya same su a hanya, Mahir ya saɓa yarinya a kafaɗa yana tafiya a hankali, gumi na zuba, ya ƙi gudu don kada ta farka. A haka ya hau babur.

Da suka iso, fasinjoji duk sun koma mazauninsu, kawuna a tagogi. Mahir ya hango dattijon garinsu yana kallonsa, ga wasu 'yan Gwambe biyu a bayansa. Ya ja ya tsaya a bakin tarago, ya sunkuya zai sauke ta. Yarinyar, cikin barci, ta ƙara maƙale masa wuya. Mama Iveren na tsaye da buhunsa a ka. Ya miƙe, ya taka matakala, ya ratsa tarago da 'yarsa a kafaɗa. Dattijon ya dube shi, ya janye ƙafafunsa ya ba shi wuri. Sannan ne aka miƙa wa Baballe kularsa.

Bana, 2010, Mama Iveren ta kife turminta. Gwiwa ta ƙi, jirgin ma ya zama sai an yi sa'a, ciyawa ta rufe layin dogo, mangwaron ya rage inuwa ba masu zama. Za ta koma gonar danginta a wajen Ashige. Wanda ya san tashar nan lokacin da take cike da masu rake da masu dafaffen ƙwai da kukan yara, in ya bi ta wurin yanzu sai zuciyarsa ta karye. Babu wanda zai ba ta lambar yabo, sunanta ba ya cikin takardar ma'aikatan kowa.

To Mama, ga tamu. Ke ce uwar 'ya'yan hanya, mai bahon da ba ya tambayar yare ko addini. Ke ce kika gane cewa tsayuwar jirgi ba asara ba ce ga mai ƙaramin yaro, yini ne aka ba shi kyauta. Akwai manya yau a Aba da Bauchi da Inugu waɗanda ba su san sunanki ba, amma suna tuna wani gari mai tulin doya inda aka bar su suka yi tafiyarsu yadda suke so. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe na mutane. Mu kuma da muka rage a tashoshin mota da kasuwanni da bakin asibiti, idan muka ga baƙo da yaro a galabaice, kada mu tsaya kallo. Inuwa da ruwa da kalma ɗaya mai daɗi ba su fi ƙarfin kowa ba.

Mahir yana cikin waɗanda suka zo taya ta kwashe rumfa. Yau a kasuwar Lafiya yake sayar da albasarsa, Muhibbat tana sakandare. Domin ba a yi wata guda da tafiyar tasu ba, jirgin Kudu ya tsaya, Mama Iveren na kirɓi, ta ɗaga kai ta gan shi yana saukowa da buhunsa a hannu, yarinya a wuya. Ya ce ya roƙi kakar, ta yi kuka, ta sa musu albarka, kuma yana neman ɗaki kusa da inda za a koya masa wankan yaro da kama gashi.

"Ba ka ce za ka ba da shi ba?" in ji ta.

"Na kai ta har ƙofar gida, Mama," ya ce. "Na kasa sauke ta."