Littafin da Marta Ke Mayarwa Kan Kanta

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a laburaren ƙaramar hukuma da ke unguwar Camberwell a Landan, akwai wata Laraba ta watan Maris da ba zan manta da ita ba. A lokacin ni ƙaramar ma'aikaciya ce, aikina jera littattafai da ba da aro.

Ga wanda bai san aikinmu ba, duk shekara muna rage kaya. Kwamfuta ke fitar da sunayen littattafan da suka shekara uku ba a taɓa su ba, mu kwashe su a kwali, mota ta zo ranar Juma'a ta tafi da su. Wanda aka karanta a cikin laburare ba tare da aro ba, doka ita ce a bar shi kan tebur, mu ɗauka mu nuna wa kwamfuta an yi amfani da shi.

A jerin shekarar akwai wani ƙaton littafi, tarin labarai da waƙoƙi na marubutan da asalinsu Latin Amurka ne amma suke zaune a Amurka. Shafin hagu Sifaniyanci, na dama Turanci. Na ga bangonsa ya sha hannu, amma ni Rifkatu ba mai gardama da kwamfuta ba ce. Na jefa shi kwali.

Da hantsi sai ga Marta, 'yar Kolombiya mai shara a babban asibitin unguwar. Na san fuskarta, kullum takan shigo bayan ta tashi aiki. Ta tsaya gaban kantar littattafai tana shafa gurbin littafin, sannan ta zo wurina idonta ya yi ja.

Ta ce 'yarta a Landan aka haife ta, tana jin Sifaniyanci amma da Turanci take amsawa, hira ta yi wuya tsakaninsu. To shi ne take kwafe waƙa ɗaya da fassararta daga wannan littafin a takarda ta kai gida. Ita ta karanta nata ɓangaren, yarinyar ta karanta nata, daga nan magana ta ɓarke. Sun kai rabin littafin. Na gane abin da take nufi, domin nawa yaran ma in na ce "ku zo ku ci tuwo", "coming, Mum" nake ji.

Na tambaye ta me ya sa ba ta barinsa kan tebur. Ta dube ni kamar na zage ta.

"In ɗauki abu in bar wa wata ta kwashe? Ni da nake gyara bayan mutane?"

Ashe shekara biyu tana mayar da shi daidai gurbinsa, har ƙura take goge masa. Tsabtarta ce ta sa kwamfuta ba ta taɓa sanin da ita ba.

Na ciro littafin, Marta na biye da ni, na nufi ofishin shugabarmu, wata Baturiya mai bin doka sau da ƙafa. Ta ce jeri ya riga ya tafi hedikwata, ba a cire suna sai da hujjar amfani. Na buɗe mata shafukan da suka yi laushi, Marta kuma ta zazzage takardun kwafinta a kan tebur. Shugaba ta ɗauki ɗaya ta karanta ɓangaren Turancin, ta sake ɗaukar wata.

"Wannan ta fi hujjar kwamfuta," in ji ta. "Ki yi mata katin aro yanzu."

Ranar Marta ta tafi da littafin gida a karon farko, tana rungume da shi tana dariya. Ashe da a zatonta littafi mai girma haka ba a fita da shi. Bayan mako uku ta dawo da shi, kuma me kuke tsammani? Ta wuce teburina ta je ta jera shi da kanta. Sai da na bi ta da gudu, don kar kwamfuta ta ce ba ta dawo da shi ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga, kafin ku jefa littafi kwali ku buɗe shi ku duba gefen shafukansa. Kwamfuta masu barin kaya a warwatse kawai take gani. Masu gyarawa a bayansu, sai ku ne za ku gan su.