Minti Biyar na Minas

Shekara talatin da ɗaya Minas Perselis ya yi yana aiki a filin jirgin saman tsibirin Kasos, bai taɓa shiga jirgin sama ba. Shi ke korar awaki daga kan titin sauka, shi ke loda jakunkuna, shi ke tsayawa da sanduna biyu yana nuna wa matuƙi inda zai tsaya. In fasinja ya tambaye shi nisan Karpathos, sai ya nuna tsibirin da haɓa, ga shi can kwance a kan ruwa.

"Kilomita goma sha tara. Minti biyar. Kafin ka gama ɗaura bel an ce ka kwance."

Da wannan magana ya kwantar da hankalin tsofaffi da masu juna biyu, har da limamin coci. Amma shi in zai je ganin ƙanwarsa Zografia da ke aure a can, jirgin ruwa yake bi, ya kwashe fiye da awa guda yana amai a bokiti.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji matarsa Evdokia.

"Ke dai yi shiru. Ni na ga tayoyin jirgin nan ido da ido."

Ranar da ya yi ritaya abokan aikinsa suka miƙa masa tikitin jirgin sama zuwa Karpathos a gaban kowa, ana tafi. Babu halin ƙi. Ya sa kwat ɗin aurensa, Evdokia ta ɗora masa kwanon cuku ya kai wa Zografia, ya yi alamar gicciye sau uku ya hau. Kujerarsa na kusa da ta Marigo, wata tsohuwa da ya sha rakawa bakin matakalar jirgi yana ce mata ba komai.

Jirgi na ɗagawa ya runtse ido ya shiga ƙirge. Minti biyar suka wuce. Goma. Ashirin. Can matuƙi ya ce iska ta yi ƙarfi a Karpathos, ba za a iya sauka ba, sai dai a wuce tsibirin Rodos.

Marigo ta dafa masa gwiwa. "Minas, ɗana, minti biyar ɗin nan naka akwai tsawon rai."

Bai buɗe ido ba sai da taya ta taɓa ƙasa. Abin da ya fara gani ta taga shi ne wani ma'aikaci yana kaɗa sanduna a kasalance, kamar mai korar ƙuda. Nan take tsoro ya bar shi. Ya hau buga gilashi yana cewa, "Ɗaga hannu, malalaci! Wa ya koya maka aiki?"

Kwana biyu iska ba ta faɗi ba. Shi da Marigo suka cinye cukun da burodi a masauki. Rana ta uku ya isa Karpathos, ya sha shayi wajen ƙanwarsa, ya ce shi kam a ruwa zai koma.

Evdokia na bakin tashar jirgin ruwa tana jiransa.

"To, mai gida, ya ka ga sama?"

"Sama lafiya lau," ya ce, yana goge baki da hankici. "Ma'aikatan ƙasa ne suka lalace."