Zanen Goyon Ukasha

Wata rana wani mutum ya tashi da niyyar ya nuna wa matar da ya saka iyakarta.

Sunansa Alhaji Tasi'u, mai saje, mai son madubi. Kafin ku fara, ba ni ba ne. Na san halinku a shafin nan, ba na ba da labari wani bai rubuta cewa kaina nake nufi ba. Sajena ya fi nasa tsari nesa ba kusa ba.

Shekara huɗu ke nan da rabuwarsa da Ramlatu. Ɗansu ɗaya, Ukasha, yana wajenta a gidan iyayenta, katifa ɗaya suke kwana.

Da yaron ya cika shekara bakwai, Alhaji ya aika cewa lokaci ya yi, ɗa ya dawo gidan ubansa. Manya suka zauna aka amince. Sai dai kawun Ramlatu ya sa sharaɗi: a gwada wata guda. In yaro ya faɗa da bakinsa cewa ya fi son can, shi ke nan. In bai faɗa ba, a mayar wa uwarsa da shi sai ya ƙara wayo.

Alhaji ya ce wata guda ma ya yi yawa.

Washegari ya kira Gambo mai fenti.

Aka yi wa bango shuɗi. Aka manna taurari a silin. Aka kawo gado ja mai siffar motar tsere, har da tayoyi da sitiyarin wasa. Labulen ma ƙwallaye ne a jikinsa, kafet kuwa in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Duk abin da aka shigo da shi sai Alhaji ya ɗauki hoto ya ɗora a shafinsa, don ya san ƙannen Ramlatu suna leƙawa.

Saura bango ɗaya a gama aka kawo yaron.

Ukasha ya shigo da 'yar jakarsa. Ya kalli taurari, ya murza sitiyari, har ya ɗan yi murmushi. Alhaji ya ji kamar an ba shi sarauta.

Sai yaron ya buɗe jaka ya fito da wani tsohon zanen atamfa, ya koɗe har ba ka gane asalin kalarsa. Da shi uwarsa ta goya shi. Tun daga yaye ba ya iya barci sai yana murza gefensa tsakanin yatsu biyu.

Ya shimfiɗa shi a kan motar.

Alhaji ya tsaya yana kallo. Zanen ya ɓata hoto, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ƙamshin turaren wutar Ramlatu ne a jikinsa, ƙamshin da Alhaji ya rantse ba zai sake shiga gidansa ba.

Da safe yaro ya tafi makaranta. Alhaji ya ɗauki zanen da yatsu biyu ya jefa wa Gambo, ya ce ya riƙa goge hannu da shi. Gambo ya ce yana ga kamar na yaron ne. Alhaji ya tuna masa cewa fenti aka kira shi yi, ba shawara ba.

Gambo ya yaga zanen gida huɗu.

Ukasha ya dawo ya duba ƙarƙashin gado. Ya duba bayan labule. Ya zazzage jakarsa har sau biyu. Da ya tambaya, uban ya ce ya adana masa a wuri mai kyau.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Yaro ba kuka, ba rigima, amma abinci sai dai ya tsakura, idanunsa kullum a kumbure saboda rashin barci. In aka tambaye shi ko yana jin daɗin ɗakin, sai ya sunkuyar da kai.

Saura kwana uku wata ya cika.

Nan Alhaji ya zauna ya yi tunani, ya samo dabarar da har yau yake ganin ta fi ƙarfin kan kowa a danginsu. Ya kira yaron ya ce abu ɗaya kawai yake so: ya zauna a kan motar, ya kalli waya, ya yi dariya, ya ce ya fi son gidan Abba. Yana faɗa za a ba shi zanensa.

Ukasha ya hau gado da gudu.

Ɗauka ta farko, murya ta yi ƙasa. Ta biyu, babu dariya. Ta uku, akwai dariya amma ido ya cika da ruwa, aka goge aka sake. Sai a ta bakwai Alhaji ya gamsu. Yaro ya washe baki ya ce ya fi son gidan Abba, a nan zai zauna.

Nan take aka tura wa kawu bidiyon. Kawu ya kalla ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

Ramlatu ma ta kalla. Ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta aiko a tambaya: me ya sa yaron yake ta murza gefen rigarsa, ina zanensa?

Alhaji yana cikin karanta masu yaba ɗakin ne ya ji an taɓa masa gwiwa.

"Na faɗa. Zanen."

"Wane zane kuma? Ba kai ka ce ka fi son nan ba?"

Yaron bai motsa ba.

Gambo ya zo ɗaukar tsaninsa a daidai lokacin, ya ji komai daga bakin ƙofa. Ya fita, ya dawo da ƙyalle ɗaya daga cikin bokitinsa. Shi kaɗai ya rage daga zanen. Fenti ya bushe a jikinsa, ya sandare kamar kwali, shuɗi daidai da bango.

Ukasha ya karɓa da hannu biyu. Ya kai hanci, warin fenti da kananzir. Ya gwada murza gefen, ya ƙi murzuwa.

Ya ɗaga kai ya kalli ubansa.

"Na gode, Alhaji."

Uban ya yi dariya, ya ce ai Abba ake cewa.

"To, Alhaji."

Yau Ukasha ya fi ubansa tsawo. Bai koma wajen uwarsa ba, sai dai ziyara. An sake wa ɗakin fenti sau biyu, motar ma an daɗe da bayar da ita. Kullum da safe yana durƙusawa ya gaishe da uban, ba ya musu, ba ya ɗaga murya, duk unguwa ana misali da ladabinsa.

"Alhaji" dai yake ce masa, irin yadda Gambo mai fenti yake faɗa.

Shi kuwa Alhaji Tasi'u ya canja waya sau biyar, amma kowace sabuwa sai ya sa an kwafo masa wannan bidiyon. Mutane sun ɗauka don alfahari ne.

Nan ne wuri na ƙarshe da aka kira shi Abba.

Darasi: Kafin ka jefar da tsumman da yaro ya rungume, tambaye shi mene ne. Kuma kada ka sayi magana daga bakinsa da alkawarin ƙarya, zai faɗa maka abin da kake so sau ɗaya, ya rufe maka sauran har abada.

Yanzu na san abin da za ku yi. Za ku karanta, ku share hawaye a ɓoye, ku wuce kamar ba ku san ni ba, ni da na ɓata yatsuna masu daraja ina rubutu. To ban yafe ba. Ku tura wa duk uban da kuka san ya fi kula da kalar bango a kan mai kwana a ɗakin. In kuma kai ne uban, tura wa kanka.