Ranar da Inna ta zo gaida Madan

Shekarar da zan yi bak, jarrabawar gama sakandare, mushen lissafinmu, wato malaminmu, ya samu aiki a Yamai ya tafi ana tsakiyar karatu. Lisenmu, wato makarantarmu, ƙarami ne, can gefen Dogon Dutsi, kuma mai koyar da lissafin ajin ƙarshe ba a samunsa da sauƙi. Muka yi makonni a zaune. In lokacin lissafi ya yi, sai sarbeyan, mai tsaron ɗalibai, ya leƙo ya ce mu yi bita. Bitar me, shi ma bai sani ba.

Wata safiya muka tarar an rataya babbar tele a saman allo, da 'yar kyamara maƙale a kanta, an kuma ɗora farantin hasken rana bisa kwano. Darakta ya ce ya samo mana malama, amma tana Duwala, a ƙasar Kamaru, daga can za ta riƙa koya mana. Samarin kilas suka yi ta murna, a zatonsu sun samu wadda ba ta da hannun kama kowa.

Ba su daɗe ba suka gane kurensu. Madan, haka muke ce mata, 'yar siririya ce mai tabarau, kuma cikin mako guda ta haddace sunayenmu, ko da yake tana karya su yadda mai suna ma sai ya waiwaya ya ga da wa ake. Tana da ƙaramin allo a ɗakinta. In ta ba da aiki, sai kowa ya zo ya ɗaga takardarsa gaban kyamara, ta matso da fuska har mu ga hancinta kawai, ta ce layi na uku ba daidai ba ne. Wani lokaci rezo, wato layin sadarwa, ya yanke, hotonta ya sandare baki buɗe, alli a sama. Ta ce mana in haka ta faru mu yi dariya, ta yafe, amma in ta dawo ta tarar ba mu ƙarasa lissafin ba, sai mun gane. Akwai ranakun da muke jin ruwa yana dukan kwanon gidanta alhali mu nan ko gajimare babu. Sai duk kilas ya kasa kunne, ba don lissafin ba.

Ni a gidan Gwaggo, ƙanwar babana, nake zaune a cikin gari. Iyayena suna ƙauyenmu, kusa da Sukukutane. Inna ba ta yi lakwal, wato makarantar boko, ba, amma tana da wata al'ada da ba ta saki: duk wanda ya koyar da ɗanta, sai ta je ta gaishe shi da ƙafarta, da ɗan abin da gona ta bayar. Da na gaya mata a waya cewa sabuwar malamarmu cikin tele take, sai ta tambaya ko irin masu karanta labaru ce, waɗanda ke magana ba su jin kowa. Na ce a'a, tana jinmu, tana ganinmu, har faɗa tana yi mana.

"To, mutum ce ke nan," in ji Inna. "Ina nan tahowa."

Bayan an gama kakar gyaɗa ta iso. Ta hau babur ɗin kabu-kabu ta ratso yashi, sannan ta samu mota, ta kwana gidan Gwaggo. Da safe ta ɗaura zanenta na biki ta biyo ni, da ƙwaryar gujiya a ka da ƙullin busasshen soɓo a hannu. A hanya na yi ta bayani cewa ba yadda za a miƙa wa Madan kaya. Ta ce in bari sai mun je.

Darakta mutum ne mai fara'a. Ya ce a bari darasi ya ƙare, sannan ya shiga ya gaya wa Madan tana da baƙuwa. 'Yan kilas ba wanda ya fita shan iska. Inna ta cire takalma a bakin ƙofa, ta sauke ƙwarya, ta yi sallama, ta ɗan rusuna gaban tele. Madan, da ta ga haka, sai ta miƙe tsaye, kanta ya fice daga hoton, muka koma kallon maɓallan rigarta. Sai da ta sake zama aka ga juna.

Ni ce tafinta. Inna ta gaishe ta da kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, da aiki, da haƙuri da mu. Ina juyawa Faransanci ina jin kalmomin suna ƙare mini, don duk "sa ba" ɗaya ce ke amsa su. Madan ta amsa biyun farko da "lafiya lau" ɗin da muka koya mata, Inna ta juyo ta dube ni da mamaki, ta ce ashe ana ji. Daga nan ta ƙura mata ido ta ce in tambaye ta ko ta karya kumallo, don ta ga wuyanta duk ƙashi. Na so in haɗiye wannan, amma Madan ta ga bakin Inna ya yi tsawon magana, ta ce in faɗa duka. Da na faɗa ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce rabon da wani ya tambaye ta haka tun tana gidansu.

Ana cikin haka aka ji tarin yaro. Madan ta ba da haƙuri ta tashi, ta dawo da wani ɗan yaro mai manyan idanu a kafaɗa. Duk tsawon watannin nan ba mu san tana koya mana da ɗa kwance a bayanta ba. Inna ta matsa har ta kusa taɓa gilashin. Ta tambayi kwanakin tarin, ko yana ci, ko an kai shi likita, da wanda ke kama mata shi in tana aiki. Madan ta ce an kai shi, maƙwabciya ce ke taimaka mata. Inna ta ce a rufe masa ƙirji da safe, kuma a gaida maƙwabciyar.

Sai aka zo kaina. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta faɗin sunana. Ta nuna ni da haɓa.

"Wagga fa? Tana jin magana?"

Madan ta ce ina da kai, amma ina zama can kusurwar baya inda kyamara ba ta kaiwa, sai ta neme ni kafin ta gan ni. Dole na juya wannan ma da bakina, 'yan kilas suna ta ƙyaƙyatawa. Inna ta juya. Ta je ta ɗauko jakata daga kusurwa, ta ajiye a bencin gaba, daidai tsakiya, ta roƙi yaron da ke wurin ya matsa. A nan na zauna har ƙarshen shekara.

Da Inna ta kwance ƙullin soɓo ta ɗaga gaban kyamara, Madan ta tafa hannu ta ce ai folere ne, suna sha a can. Inna ta gane kalmar tun kafin in buɗe baki, don haka Fulanin da ke kiwon awakinta suke kiransa. Ta maimaita, Madan ta maimaita, suka yi ta dariya su biyu ba ruwansu da ni. Madan ta tambaya ko kayan sun zama nata, tana iya yin abin da ta so da su. Inna ta ce ƙwarai. Madan ta ce to, tana gayyatar ɗalibanta. Inna ba ta so haka ba, ta yi ta cewa ba don waɗannan ƙattin ta ɗauko ba, amma ta haƙura. Gwaggo ta dafa gujiyar, ta jiƙa soɓon da citta, muka kawo a darasi na gaba. Madan ma ta haɗa nata a can, ta ɗaga kofi, muka ɗaga namu, sannan ta ce a buɗe shafi na gaba.

Na ci bak, amma sai a zagaye na biyu, kuma lissafin ne ya tsamo ni. Madan ta ƙara shekara guda tana koyarwa, sannan lise ya samu mushe mai zuwa da ƙafarsa, aka mayar da telen ofishin darakta. Ni na wuce Doso karatun ungozoma. Ba mu rabu da Madan ba. In na je gida hutu, Inna kan karɓi wayata ta yi wa Madan dogon saƙon murya, in bi bayansa da fassara.

Damanar bara Madan ta rubuto mini cewa mahaifiyarta ta rasu. Ina gida lokacin. Inna ta ce wannan ba ta saƙo ba ce, a kira ta. Abin da ya dame ta shi ne ba ta san yadda ake yi wa Kirista gaisuwar mutuwa ba. Muka kira Gwaggo, ta tambayi maƙwabciyarta mai zuwa coci, ita kuma ta ce ai duk ɗaya ne, a faɗi abin da aka saba.

Rezo a ƙauyenmu sai an hau tudun bayan rumbuna. Can Inna ta shimfiɗa tabarma da la'asar, ta lulluɓe kai, ta zauna kamar yadda ake zama gidan makoki. Na riƙe mata wayar. Madan ta fito babu tabarau, idanunta sun kumbura.

"Sannu, ɗiyata," in ji Inna. "Allah shi ba ki haƙuri. Allah shi raya abin da ta bari."

Na fara juyawa, Madan ta ɗaga hannu ta ce in bari, ta ji. Ta yi kuka sosai. Inna ba ta hana ta ba, ta zauna tana cewa sannu, sannu, har ta lafa. Sannan suka ɗan taɓa zancen yaro, wanda ya shiga lakwal a shekarar, da na ruwan sama. Hadari ya taso daga gabas, hoton ya fara yankewa, muka yi sallama muka naɗe tabarma, muka sauko da sauri don shanyar Inna tana waje.